Kabejin Surukata

Warin dafaffen kabeji a unguwar Plumstead jiya ya tuna mini da surukata, 'yar Ireland. Kullum cewa take lafiya tana cikin ɓawon dankali, kada a fere.

Ina jego, na dama kunun kanwa don nono ya kawo. Tsohuwar ta shinshina, ta tuttule shi a gabana, ta dangwara mini dankali da kabeji, ko gishiri babu.

"Ci wannan. Ɗana bai auri buhu ba."

Na ci ina hawaye, jaririna yana ta tsala ihu.

Ta tsufa tukuf kafin ta rasu, ba suga, ba hawan jini, ba mai leƙa ta.

Ubangiji ya ba ta hutu, ya ciyar da ita abin da ta ciyar da ni.