Harshen Halliru da Ruwan Ɗacin Amurka

Halliru uku ne a layin sito-sito na Ras Al Khor a Dubai, a shekarun da na yi a can: mai walda, mai tuƙa motar ɗaga kaya, sai Halliru Harshe. Na ukun nan nake nufi. Badamagare ne dogo siriri, aikinsa ɗaure kwalaye da shirya su a kwantena, gadonsa kuma a saman nawa yake a ɗakin da muke haya a unguwar Karama. Ni Bakano ne, saboda haka tun ranar da muka haɗu na sanar da shi cewa bawana ne, shi ma ya ce abin da yake shirin gaya mini ke nan.

Sunan Harshe daga gida ya taho da shi. Mahaifiyarsa, Inna A'i, kunun zaƙi da zoɓo da lamurje take sayarwa a bakin tasha a Damagaram, ga ta da yawan azumin nafila. Duk ranar da take azumi shi take miƙa wa ludayi ya ɗanɗana, ya ce a ƙara tsamiya ko a rage kanumfari. Haka ya tashi. Da ya zo Dubai a 2002, 'yan kasuwarmu masu saro kayan sha suka gano shi. Mai son cika kwantena da lemo ko malt, wanda ba shi da tabbacin mutanen gida za su karɓa, sai ya kawo wa Halliru kwalba a sito. Ba ya yanka kuɗi. Wani ya ba shi shadda, wani katin waya, wani godiya kawai.

Yana da tsarinsa, ba ya kuma sake shi don kowa. Ranar da zai ɗanɗana kaya ba ya cin goro, ba ya shan shayi, sai ruwa da gutsuren burodi. Kowace kwalba hawa uku take yi. Da farko ya sha ta da sanyi. Na biyu ya ɗora ta a kan rufin kwantena rana ta gasa ta, don a cewarsa wanda zai saya a Kurna ko a Tudun Wada ba shi da wutar da zai sanyaya komai, da zafinta zai sha. Na uku, in malt ne, ya tsiyaya madarar gwangwani a ciki, don haka ake ba mai jego da wanda ya tashi daga ciwo. Daga nan ya ba da maki bisa ashirin, yadda aka koya musu a lakwal, wato makarantar bokon Nijar. Marowaci ne a wajen maki. Mafi yawan da na taɓa ji ya bayar sha shida ne, shi ma zoɓon Inna A'i ya ba.

Matsalarsa ɗaya, kara. Halliru ba ya iya kushe kaya a gaban mai su. Ko ruwan wanki ka ba shi, in dai kai ka kawo kana tsaye, zai lumshe ido ya ce ma sha Allah, an yi ƙoƙari. Kowa ya san haka, shi ya sa ba a haɗa mai sayarwa da mai saye a wajen ɗanɗano. Sai mai kaya ya tafi, a hanyar masallaci, Halliru yake faɗin gaskiyar maki.

Cikin watan Yuli na 2006, ana ta lodin kayan azumi da sallah, na haɗu da wani Ba'amurke a wajen baje kolin kayan abinci. Sunansa Garet, kafin la'asar mun mayar da shi Garba. Shi da ƙanensa suna da wata 'yar ƙaramar masana'anta a garinsu, irin waɗanda ke dafa giya kaɗan-kaɗan da hannu, kowa yana alfahari da tasa. Sun yi wata marar barasa ko ɗigo saboda kasuwar ƙasashen Larabawa, iri huɗu, yana neman mai saye. Ni kuwa na san Hajiya Mero ta kasuwar Singa tana da sauran wuri a kwantenarta, wurin kwali ɗari uku cif, na auna da kaina. Hajiya ba ta ɗanɗana komai mai zaƙi saboda ciwon suga. Shekara huɗu ke nan duk abin shan da ta kai Kano da bakin Halliru ta saye shi, bai kuma taɓa jefa ta a rami ba.

Na shirya Garba ya zo da hantsi, Hajiya ta zo bayan azahar ta ji sakamako. Sai ga ta da hantsin ita ma, da jakarta da 'yar fankarta ta hannu. Ta ce an matso da rufe kwantena zuwa yammacin ranar, jirginta kuma gobe da safe, ba ta da lokacin jiran wani bawan Damagaram ya gama yanga. Ta ja kwalin taliya ta zauna a kai. Na ga Halliru ya dube ta, ya dubi Bature.

Tambayarsa ta farko a kan barasa ce. Garba ya nuna masa shaidar da aka shigo da kayan da ita, ya rantse da irin tasa rantsuwar. Halliru ya sake tambaya da Faransanci, ya kuma sa ni na tambaya da Turanci, sannan ya yi bismilla.

Garba mutum ne mai son sana'arsa. Ya zo da kula cike da ƙanƙara da wasu kofunan gilashi masu ciki kamar tulu. Ya ce ba a kwankwaɗa. Sai ka duba launi a haske, ka duba kumfa, ka juya kofin, ka sa hanci, sannan ka kurɓa. Ya ce sirrin abin wani ɗan koren fure ne da suke kira hops, shi ke ba da ƙamshi, shi ke ba da ɗaci, a garinsu kuma wanda ya fi zuba shi shi ne gwani. Har ɗacin ma lamba gare shi, ta farko talatin da biyar, ta ƙarshe saba'in. Ni dai wannan ya burge ni, ban taɓa sanin ana ƙirga ɗaci ba.

Halliru ya riƙe kofi kamar an haife shi da shi. Ya ce ta farko ƙamshin ɓawon lemon tsami take yi. Ta biyu kamar ka shiga shagon kafinta ana feƙe sabon katako. Ta uku ɗanyen mangwaro. Ina fassarawa, Garba yana ta murna, yana cewa ko a garinsu ba kowa ke kamo wannan ba. Da aka zo ta huɗu, mai lamba saba'in, Halliru ya kurɓa. Mutumin da ke tauna namijin goro kamar gyaɗa, sai ga jijiyar wuyansa ta miƙe, idonsa ya kawo ruwa. Can ya ce wannan ta tuna masa da ganyen darbejiya da ake dafa wa mai zazzaɓi, tana kuma kama maƙogwaro ba ta saki. Garba ya ce abin da suke nema ke nan.

"To, ɗan Damagaram, yaya?" in ji Hajiya.

"Ma sha Allah, Hajiya. An yi ƙoƙari."

Hajiya ba ta taɓa zama wajen ɗanɗano ba, sakamako kawai ake kai mata. Abin da ta gani shi ne Halliru yana lissafo lemon tsami da mangwaro, Bature yana washe baki. Ta buɗe jaka ta ce kalas, magana ta ƙare, a cika mata wurin duka, sabon abu ne, kafin 'yan Singa su farga ta sayar. Na yi mata ido, ta ce in daina ƙifta mata ido kamar mai ciwon ido, in kira direban da zai ɗauko kayan.

Halliru ya tsaya da kofi a hannu, zufa tana bin gemunsa. In ya yi shiru, kwali ɗari uku na ruwan darbejiya za su sauka a Kano da sunansa a kai, Hajiya ta yi asarar kasuwar sallah. In ya yi magana, ya tozarta baƙon da ya tsallako teku da kofunansa. Na san shi, na biyun ba zai fito daga bakinsa ba.

"Dusma, Hajiya," ya ce, wato a bi a hankali. "Saura hawa biyu."

Ya ɗauki kwalba huɗu ya hau tsani ya jera su a kan rufin kwantena. Garba ya miƙe tsaye yana cewa rana ita ce babbar abokiyar gabar wannan abin sha, tana juya masa ƙamshi. Halliru ya ce in gaya masa a yi haƙuri, haka za a sha shi a inda za shi. Muka zauna a inuwa, Hajiya tana fifita tana ba Garba labarin yadda kaya ke kwana a tashar jirgin ruwa, su hau tirela su ratsa ƙasa, su zauna a rumfar kwano. Garba yana ji, fara'arsa tana raguwa.

Da kwalaben suka yi zafin da sai da tsumma ake riƙe su, Halliru ya sauko da su. Ya buɗe mai lamba saba'in, kumfa ta yi tsalle, wani wari ya tashi kamar jiƙaƙƙen buhu. Ya zuba a kofin gilashin nan mai daraja, ya huda gwangwanin madara da ƙusa, ya tsiyaya. Abin ya tsinke nan take, ya yi gudaji-gudaji yana yawo. Halliru ya juya shi a haske yadda aka koya masa, ya riƙe da hannu biyu, ya ɗan rusuna ya miƙa wa Garba.

"A garinmu baƙo ke fara sha," ya ce.

Garba ya tambaye ni ko da gaske haka ake yi, ko wasa muke masa. Hajiya da kanta ta amsa, ta ce duk malt ɗin da ba ya karɓar madara ba malt ba ne, me za a kai wa mai jego? Bawan Allah ya rufe ido ya kurɓa. Ya ajiye kofin a hankali, ya nemi ruwa, ya kuskure baki, sannan ya fashe da dariya har yana dafa kwantena. Ya ce in gaya wa Hajiya ko ta ninka kuɗin ba zai sayar mata ba, ba zai bari a yi wa abin da ya dafa da hannunsa haka ba, ita ma kuma ba za ta ga kuɗinta ba. Halliru ya ce kash, ai kuwa kaya ne masu kyau.

Kafin a rufe kwantena mun cika wurin da malt ɗin da Hajiya ta saba saye. Da za ta shiga tasi ta ce wa Halliru wannan karon yangarsa ta yi rana, za ta aiko masa da yajin ƙuli. A hanyar masallaci na tambaye shi maki. Ya ce in don kasuwar Kano ne, biyu bisa ashirin, ɗayan ma na kwalbar ne. Na ce in don wani wuri ne fa? Ya ce in yi sauri za a ta da salla.

Garba ya bar masa sauran kwalba ashirin da huɗu kyauta. Halliru ya jera su a ƙasan firjinmu na Karama, ya ce ba a zubar da kyauta, kuma duk abin da ya kai wannan ɗaci ba zai rasa maganin ciwon shawara ba. Babu wanda na ga ya taɓa su a ɗakin, amma kullum na buɗe firji sai in ga sun ragu. Ranar wata Juma'a na dawo na same shi zaune a bakin gadona da kofin shayi na gilashi, yana ɗaga shi a hasken taga yana shinshinawa. Na ce bawana, shawarar ce har yanzu? Ya ce ta yi sauƙi, amma irin wannan ciwo ba a sakaci da shi. Ya ƙara da cewa mai ɗanyen mangwaron, in da sanyinta, za ta iya samun sha huɗu.

Da kwalba ta ƙarshe ta ƙare, ya yi kwana biyu yana kewaye-kewaye. Daga baya ya leƙo daga saman gado ya tambaye ni ko har yanzu ina da lambar wayar Garba.