Ranar da Na Zauna a Bencin Baya

Shekarun da na yi ina darakta a wata ƙaramar lakwal, wato makarantar firamare, tsakanin Madarumfa da Gabi, duk sabon malamin da aka turo ta hannuna yake bi. Ina da baki, ban taɓa musu ba. A gabana Mama suke ce mini, a bayana kuwa Allah kaɗai ya san sunan da suka raɗa mini. Amma akwai abu ɗaya da nake taƙama da shi: ban taɓa tsinka malami a gaban yara ba. In na shiga duba darasi, bencin baya nake zama da takardata, in kame bakina har a tashi. Haka aka koya mana, haka ni ma na koyar. Mai dubawa ba ya sa baki, gyara sai an koma buro, ofishin darakta, an rufe ƙofa.

Wata shekara bayan girbi aka turo mana sabuwar malama daga Maraɗi, ɗiyar wani mai wa'azi a majami'a, ba ta taɓa kwana ƙauye ba. Ta sauko daga kabu-kabu da takalmi mai tsini yana nutsewa cikin rairayi. Na ce, "Madam, shuka kika zo yi muna da wanga takalmi?" Ta yi dariya har da riƙe ciki. Washegari ta zo da silifas, tun daga nan ta shiga raina.

Ajin zana na ba ta, wanda iyayen yara suka kafa da kara. Cikinsa akwai 'ya'yan manoma, da 'ya'yan masunta na bakin tabki, da Fulani 'yan kaɗan da Hausar ma ba ta zauna a bakinsu ba, balle Faransanci. Sai kuma yaran da iyayensu suka ƙetaro iyaka a shekarar, 'yan bindiga sun tashe su daga garuruwansu. Na zaunar da ita na yi ta karanta mata. Yaron Fulani in ya sunkuyar da kai ba taurin kai ba ne, kunya ce. Ɗan masunci in ya makara, ki tambayi ko an ja koma da safe kafin ki ɗaga murya. Ki bi gida-gida ki gai da iyaye, ki sha ruwan da aka ba ki. Na kuma ja kunnenta cewa kada ta bar yaro ya zauna bai ba da amsa ba, don in ta ƙyale ɗaya ta ƙyale duka. Tana ji tana rubutawa cikin kayye, ɗan littafinta na rubutu. A ganina ban rage mata komai ba.

Abu ɗaya na rage. Cikin waɗanda suka ƙetaro akwai wata yarinya siririya, ba za ta wuce shekara tara ba. Ni na rubuta ta a littafin sunaye da hannuna. Ranar da uwarta ta kawo ta, ta ja ni gefe ta ce a gona aka kashe uban, yarinyar ta kai masa fura, a gabanta aka yi. Ta ce, "Don Allah Madam, kar a riƙa yi mata zancen." Na ɗauki maganar amana, ban faɗa wa kowa ba, har malamar da na damƙa wa yarinyar.

Kuma yarinyar ta fara sakewa. Ta ƙulla ƙawance da wata Bafulatana, suna raba alli guda biyu. Malamar ta taɓa kawo mini allonta don in ga kyan rubutunta, tana murna kamar ita ta haife ta.

Da aka ce mai duba malamai zai zo daga Madarumfa, hankalin malamar ya tashi, abinci ma ya gagare ta. Na ce ta kwantar da hankalinta, zan fara duba ta ni da kaina. Na buɗe akwati na ɗauko mata tsohuwar takardar shirin darasina, wadda na yi shekaru ina koyarwa da ita ba ta taɓa ba ni kunya ba. Darasin iyali ne: kowane yaro ya miƙe ya faɗi sunan ubansa da sana'arsa da Faransanci. Ban sake karanta ta ba, na miƙa mata kawai.

Ranar na shiga na zauna a bencin baya. Darasi ya ɗauko da kyau. Yaro na farko ya ce ubansa manomi ne, na biyu ya ce masunci. Na uku na miƙewa sai na tuna da maganar uwar yarinyar. Na ɗaga kai na hango ƙeyar yarinyar, benci huɗu tsakaninta da mai magana. Ina da lokaci. Da na miƙe na ce ina son a aiko mini ita buro, ko na yi tari na yafito malamar waje, da shi ke nan. Sai na ce a raina wataƙila malamar ta tsallake ta, wataƙila lokaci ya ƙare. Gaskiyar ita ce ban so in karya dokata a gaban sabuwar malama.

Layi ya zo kanta. Ta miƙe, ta yi shiru. Malamar ta maimaita tambayar a hankali. Shiru. Malamar ta saci kallona, na ga ta tuna abin da na gaya mata. Sai ta juya Hausa, da murya mai daɗi ma.

"Ɗiyata, babanki mi yake yi? Noma? Kamun kihi? Hwaɗi mana."

Yara suka fara 'yan dariya. Malamar ta ce to ta tsaya a tsaye har ta tuna, ta wuce na gaba. Haka yarinyar ta tsaya har aka kaɗa ƙarfen tashi, hannunta riƙe da bakin benci, hawaye na sauka ba sauti. Ni kuwa ina zaune da bik, wato biro, a hannu, ina sa alama a takarda cewa an bi matakan darasi daidai.

A buro malamar ta shigo da fara'a tana jiran yabo. Na rufe ƙofa na faɗa mata abin da uwar yarinyar ta gaya mini.

"Mama, kin sani?"

"Na sani."

"Kuma kina zamne?"

Na sunkuyar da kai ina tattara takarduna. Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba.

Washegari yarinyar ba ta zo ba. Da la'asar muka tafi tare inda suke zaune, wata rumfa a bayan gidan mai gari. Uwar ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa. Da ta zage ni da na ji sanyi, amma cewa ta yi, "Ba komi Madam, ba laihinku ba ne. Ta dai ce ba ta komawa." Muna jin motsin yarinyar a bayan zana, ba ta fito ba. Sau uku muna komawa, malamar har da kai mata sabon alli. Kafin azumi suka tashi zuwa wajen danginsu ta ɓangaren Safo. Uwar ta aiko da allon a wanke tas, ta ce kada a ce sun tafi da kayan lakwal.

Malamar ta ci gaba da aiki, mai dubawa ya zo ya yaba mata. Ta ci gaba da ce mini Mama, tana gaishe ni da ladabi, amma ba ta sake kawo mini allon wani yaro in gani ba. Na yi baƙin cikin wannan ƙwarai, kuma na san ni na jawo.

Kowace safiya ina jiyo malamar ta cikin zana tana kiran sunaye. In ta zo kan sunan yarinyar sai ta kira, ta ɗan dakata, sannan ta wuce. Na ce mata ƙa'ida ita ce a soke sunan wanda ya bar zuwa. Ta ce, "Mama, hannuna ba ya iyawa." Ta bar shi har ƙarshen shekara.

Ranar da za a tafi hutu ta kawo mini littafin sunayen ta ajiye a kan tebur, ta fita. Na buɗe shafin. Ni na soke sunan, da jan bik, na ɗora rula don layin ya miƙe kamar yadda aka koya mana.