Balaraba da Rijiyar Mahaifinta

A layinmu na Daurawa ba a cika kiranta da sunanta ba. Hajiya Mai Gwaji ake ce mata, manya da yara. Sunanta Balaraba Isyaku, gajeriyar mace mai tabarau, mai saurin tafiya kamar wadda ta baro tukunya a wuta. Shekara ashirin da shida ke nan tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibitin koyarwa, ɓangaren ƙwayoyin cuta. Idan likita ya ce a kai jini ko fitsari ko majina, hannunta suke zuwa. Ni maƙwabcinta ne, katanga ɗaya ce ta raba mu. Mafi yawan abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, sauran kuma daga bakinta na ji.

Mahaifinta, Malam Isyaku, tela ne. Shagonsa na Gyadi-Gyadi, kuma da keken ɗinki ɗaya ya ɗauki nauyin karatunta har jami'a. Ta sha ba ni labarin ranar da aka fara sa ta leƙa madubin hangen ƙwayoyin cuta. Ɗigon ruwan kududdufi aka ɗora mata. Da ta tashi daga makaranta ba ta wuce gida ba, shago ta nufa.

"Baba, yau na ga abin mamaki. A ɗigon ruwa guda na ga halittu sun fi mutanen kasuwar Tarauni yawa, kowa na ta harkarsa."

Malam Isyaku ya cire ƙafa daga keke ya dube ta. "To, su wa ke ciyar da su?"

"Wanda ke ciyar da mu, Baba."

"Ashe ba a ɓata kuɗin makaranta ba. Ci gaba da leƙawa."

Ta ci gaba kuwa. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya huɗu, ta sauke farali, amma ba ta bar wannan madubi ba. Ɗaliban da ake turowa koyon aiki sukan so su gwada ta. Wani ya taɓa tambayarta ko a duk shekarun nan ta taɓa hango rai a cikin jinin mutum. Ta ce masa, "Ban taɓa ba. Amma madubin bai ce mini babu shi ba, cewa ya yi ba aikinsa ba ne. Kai ka taɓa ganin an auna zafin jiki da mudu?" Game da lahira kuwa maganarta ɗaya ce. Takan ce duk takardar sakamakon da ta sa wa hannu tana nan ajiye a wani wuri, kuma akwai ranar da za a fito mata da su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa idan tana shakkar gwaji sai ta sake shi, ko da likita na tsaye a kanta yana duba agogo.

Abokin aikinta mafi daɗewa shi ne Filibus Daniel, mutumin Filato, dattijo a cocinsu. Tebur ɗaya suke zama. Ba su taɓa jayayya a kan addini ba, sai dai ta ce akwai abin da suka yarda da shi su biyun: Allah ba ya buƙatar a yi ƙarya don a kare Shi.

Shekara guda kafin Malam Isyaku ya rasu ya haƙa rijiya a ƙofar masallacin layinmu, sadaka. Rijiyar Tela ake kiranta. Ko a tsakiyar bazara ba ta ƙafewa, kuma ruwanta daɗi gare shi. Ranar da famfo ya ɗauke, wanda a wajenmu kusan kullum ne, a nan rabin unguwa ke ɗiba. Duk wanda ya ja guga sai ya ce Allah Ya ji ƙan Tela.

Daminar shekara huɗu da suka wuce sai amai da gudawa ya shigo mana. A mako guda mutum bakwai suka kwanta a gidaje huɗu. Inna Sa'adatu mai ƙosai kwana biyu kawai ta yi, aka kai ta makwancinta. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce ɗanyen mangwaro. Balaraba ta yafa mayafi ta bi gidajen nan huɗu tana gaida marasa lafiya, tana nuna yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, tana kuma tambayar matan gida abu ɗaya: ina kuke ɗibar ruwan sha? Duk amsar iri ɗaya ce.

Washegari da safe na gan ta a bakin rijiya da 'yar kwalba. Da ta isa wajen aiki ba ta taɓa kwalbar ba, Filibus ta miƙa wa.

"Malam Filibus, kai za ka yi wannan."

"Lafiya, Hajiya? Ai kin fi ni hannu."

"Rijiyar ubana ce. Idona zai so ya ga abin da zuciyata ke so. Kai ba ruwanka."

Filibus ya shuka ruwan a koren faranti irin nasu na renon ƙwayoyin cuta. Bayan kwana ɗaya ya kira ta. Ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa sun fito a kai, alamar ƙwayar cutar amai da gudawa da duk mai wannan aiki ya sani. Ya ƙara wasu gwaje-gwaje don tabbatarwa, suka ba da abu guda. Daga baya aka gano dalili. An gina sabon gida a bayan masallaci, aka haƙa masai taku kaɗan daga rijiyar, ruwan sama kuma ya haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa.

Ta sanar da jami'an lafiya na ƙaramar hukuma, amma ta san kafin su iso wasu sun ƙara sha. Sai ta wuce gidan yayanta, Alhaji Auwalu, ɗan kasuwar atamfa, wanda shi ne babba a gidansu kuma shi ke kula da masallacin. Ta same shi a zaure ta gaya masa.

"A rufe rijiyar Baba?" Ya ajiye carbinsa. "Balaraba, kin san abin da kike faɗa kuwa? Mutum yana kwance a kabari, ladan da ke isar masa ke nan. Shi za ki yanke?"

"Yaya, akwai cuta a ciki."

"Ruwa garau, ba wari, ba launi, ɗanɗanonsa bai sauya ba. Je ki tambayi kowane malami, zai gaya miki mai tsarki ne. Shekara goma sha biyar muna sha. Bokon nan naki ya fara kai ki inda bai kamata ba."

"Inna Sa'adatu ma shekara goma sha biyar ta yi tana sha."

Ya miƙe ya shige gida ya bar ta a nan.

Abin da ta yi bayan haka har yau ana labarinsa. Ta ɗauki hutun kwana biyu, ta fito da kujerar roba daga gidanta, ta zauna a bakin rijiya tun hantsi. Ba ta ƙwace gugan kowa ba. Duk wadda ta zo sai ta gaishe ta ta ce, "Ni 'yar mai rijiyar nan ce. An gwada ruwan, akwai cutar da ta kashe Inna Sa'adatu a ciki. In ya zama dole ki ɗiba, ki tafasa shi sosai." Da yawa suka juya da bokitinsu. Wasu suka yi tsaki suka ɗiba. Wani dattijo ya ce mata 'ya'yan zamani sai a bar su, uba ya yi alheri 'ya ta zo tana tona masa asiri. Na ga ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta ci gaba da zamanta.

Bayan la'asar limaminmu, Malam Sani, ya fito ya tsaya a gabanta. Mutum ne mai sanyin magana, ya haura saba'in.

"Hajiya, Alhaji Auwalu ya kawo mini ƙararki."

Ta sauko daga kujera ta durƙusa. "Allah gafarta Malam, ba zan yi gardama da ku a kan hukuncin ruwa ba, ku kuka karanta. Alfarma ɗaya nake nema. Gobe ku zo wajen aikina, ku da Yaya, ku gani da idonku. In kun gani kun ce a ci gaba da sha, zan ɗauke kujerata."

Malam ya ce, "Wanda aka ce zo ka gani ya ƙi, ba shi da bakin magana. Za mu zo."

Ni na kai su a motata. Shugaban sashen ya ba da izini, aka sa wa Malam farar riga a kan babbar rigarsa, aka ba shi safar hannu. Filibus ya shirya madubin, ya nuna masa yadda zai sa ido. Malam ya sunkuya ya daɗe. Can ya ɗago.

"Waɗannan masu wulgawa kamar an harba kibiya, a ruwanmu suke?"

"A ruwan rijiyar aka samo su, Malam," in ji Filibus.

"Subhanallah." Ya sake leƙawa. "Alhaji, zo ka ga rundunar da ba mu san da ita ba."

Alhaji Auwalu ya leƙa, ya ɗago, fuskarsa ta sauya. Amma abin da ke damunsa bai tafi ba. Ya ce, "To Malam, shi Baba fa? In an rufe, shi ke nan ladan ya tsaya?"

Malam Sani ya juya ga Balaraba. "Ke me kika gani, Hajiya?"

"Allah gafarta Malam, ban san abin da ke cikin kabari ba. Ba mu da na'urar da ke leƙa can, kuma ba na jin za a taɓa ƙera ta. Amma na san Wanda Baba ya haƙa rijiyar dominSa, kuma ban yarda guga Yake ƙirgawa ba. Baba so ya yi mutane su sha su rayu. Ni ba ladan Baba nake ji wa tsoro ba, Yaya. Kaina nake ji wa. Baba ya tafi bai san da wannan cuta ba. Ni na sani. In na yi shiru wani yaro ya mutu, me zan ce ranar da aka tambaye ni?"

Malam ya cire safar hannu a hankali ya ce tsarkin ruwan alwala magana ce daban, cutar da bayin Allah kuma magana ce daban, kuma duk inda cuta ta tabbata gusar da ita wajibi ne. Ya ce wanda ya gyara sadakar ubansa bai yanke ta ba, ƙara mata kwana ya yi.

A ranar, bayan azahar, Alhaji Auwalu da hannunsa ya ɗora murfi ya sa kwaɗo. Jami'an lafiya suka iso suka zuba magani, suka bi gida-gida. Mai sabon gidan, da aka yi masa bayani, bai yi taurin kai ba, ya cike masan ya haƙa wani can nesa. Magidantan layi suka haɗa hannu aka kira masu yasar rijiya, aka kwashe ruwan tas, aka zagaye cikinta da siminti tun daga ƙasa, aka ɗaga bakinta, aka kafa famfon tuƙa-tuƙa don kada guga ya ƙara shiga. Bayan kwana tara da rufewa ba wanda ya sake kwanciya a layinmu. Shidan da suka rage duk suka tashi.

Sau uku Filibus ya gwada ruwan, mako-mako, kafin Balaraba ta yarda a buɗe. Ranar wata Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci. Layi ya cika, har da mata a ƙofar gidaje. Alhaji Auwalu ya tuƙa famfon da kansa, ya tara moɗa, ya yi bismilla ya shanye. Sannan ya juya ga jama'a.

"Ku shaida, ni na ce wa ƙanwata boko ya ɓatar da ita. Na janye. Da an bi tawa, da yanzu ba mu san gawa nawa muka ɗauka ba. Balaraba, ki yafe mini."

"Haba Yaya, wallahi ba komai," ta ce, tana rufe fuska da mayafi. Mata suka rangaɗa guɗa. Dattijon nan da ya yi mata gori ya matso ya ce a tara masa shi ma.

Labari ya bazu. Mutanen Darmanawa da na Babban Giji suka fara zuwa ƙofar gidanta da ruwa a gorar lemo, kowa na so a duba masa rijiyarsa. Ta koya musu cewa ba haka ake ɗiba ba, ta haɗa su da jami'an da aikin ya rataya a wuyansu, ita kuma duk Asabar ta zama ranar zagayenta.

Watan jiya Malam Sani ya tara limaman unguwanni a wani ajin firamare a Tarauni, su talatin da ɗaya, ya ce ta yi musu bayanin tazarar da ya kamata a bari tsakanin masai da rijiya. Na je na tsaya ta taga. Ga manyan malamai da rawunansu a kan bencin yara, ga Hajiya Mai Gwaji a gaban allo, alli ya ɓata mata hannu. Wani limami daga baya ya ɗaga yatsa.

"Malama, waɗannan halittu da ido ba ya gani, ba su ne aljanu ba kuwa?"

Ta yi dariya har tabarau ya zamo mata. "Allah gafarta Malam, aljanu fanninku ne, ban isa in shiga ba. Waɗannan dai na san tafasa ruwa na kashe su."

Ajin ya kwashe da dariya. Limamin ya ciro biro daga aljihu ya ce, "To maimaita mana tazarar nan. Taku nawa kika ce?"