Oga Fidelis da Kaset Ɗin da Ya Yanke

Kafin masu shayi su kwashe teburansu a bakin hanyar Shadawanka, Oga Fidelis ya riga ya buɗe shago. Zai share ƙofa, ya rataya tabarau a wuya, ya tsoma auduga a sifirit ya goge kan rikodarsa a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka. Sai ya zaro kaset guda daga kanta, ya zura biro a raminsa ya ɗan murɗa, ya danna. Daga nan jita za ta fara kuka, masu keke su rage gudu suna leƙe.

A ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Ido ya gaji, 'ya'yansa kuma sun matsa masa ya huta. Shi ya sa na ce bari in faɗi nawa tun yana ji da kunnensa, don mu nan sai mutum ya kau muke tuna alherinsa.

Yana saurayi ya zo Bauchi daga kudu da sana'ar gyaran rediyo. Ya yi aure a nan, ya yi furfura a nan, amma har gobe idan mace ta shigo shagonsa "kai" yake ce mata. A shekarun baya, ran Lahadi bayan la'asar, wasu sojoji da tsofaffin sojoji kan taru a wata rumfa a kasuwar mami ta barikin soja da jitocinsu, suna wani kiɗa mai sanyi da suka tsinta a fayafayan garmaho. Ba wanda ya aiki Fidelis. Shi dai ya ga abin nan yana bin iska, sai ya fara ɗauko rikoda da batura, ya ɗaure makirfo a jikin sanda da robar taya, ya zauna a gaba yana harara duk wanda ya yi tari.

Sunan kiɗan kansa ya sha jawo masa rigima. Masu shi suna ce masa bulus, shi ma haka yake faɗa. Mutane suka yi ta zuwa suna tambayar wane ne wannan Bulus ɗin, a wace majami'a yake. Wani maƙwabcinmu na Ƙofar Dumi kuwa ya tsaya kai da fata, wai tunda an ce bulus ne, ai sai a ba shi kaset kyauta. Fidelis ya yi dariya har da hawaye, ya kuma ba shi.

Ba zan yi masa ƙarya don ina yabonsa ba: kaset-kaset ɗin nan nasa suna da aibi, kuma ba kaɗan ba. A wani ganga ta danne jita. A wani janareta ne ke jan baki daga farko har ƙarshe. Akwai wanda wani kofur ya zauna daf da makirfo yana ba abokinsa labarin canjin wurin aiki da aka yi masa, ka ji labarin tas, jitar kuwa can nesa. Na sha yi masa tsiya cewa rabin abin da yake sayar mana ƙarar kwalabe ne da kiran mai tsire. Amsarsa kullum ita ce ya taɓa jin makaɗan nan a ɗakin ɗaukar sauti, bango suke yi wa kiɗa, bai ji komai a ransa ba.

Kuma gaskiyarsa ce. A kaset ɗin Fidelis za ka ji yatsa yana zamewa a kan tsirkiya. Za ka ji makaɗi ya kuskure, ya ja numfashi, ya juya kuskuren ya zama ado. Za ka ji rumfa ta yi tsit, sai wata mata can baya ta ce wayyo. Wallahi ni wannan wayyo ɗin ta fi shiga raina da kiɗan.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin Saja Andrawus, yadda 'yarsa Dorothy ta ba ni. A duk masu jitar rumfar babu kamar Saja, sai dai ba ya son a ɗauki kiɗansa. Sau ɗaya tak ya yarda. Ran nan kuwa ya yi kiɗan da bai taɓa yi ba, yana tsakiyar hawa, zaren kaset ya ƙare. Kafin Fidelis ya farga ya juya, waƙa ta sauka, ana tafi. Kunya ta sa bai taɓa kwafa wa kowa shi ba, ya jefa shi ƙasan akwati.

Bara Saja ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Hannun da yake danna tsirkiya ya mutu. Likitoci suka ce harshensa zai iya motsi in ya so, amma shi ya juya fuska bango, wata da watanni ko "ruwa" bai ce ba. Abinci ma sai an yi da gaske. Dorothy ta ga mahaifinta yana tafiya a gaban idonta, sai ta zo shago neman kaset ɗin. Fidelis ya yi ta kame-kame, ya ce aikin ya lalace, yana tsoron ya ƙara wa mara lafiya baƙin ciki.

Ta ce, "Baba Fide, ko rabi ne a ba shi. Yanzu ai ba shi da komai."

Da kansa ya ɗauki rikoda ya bi ta gida da hantsi. Ya ajiye kusa da gado, ya gaishe da Saja, ba amsa. Ya danna. Jita ta cika ɗaki, ta yi ta hawa, ta yi ta hawa, sai ƙas, maɓalli ya tashi. Fidelis ya sunkuyar da kai.

Can Saja ya juyo daga bango, ya zuba masa ido. Da baki a karkace ya ce, "Fidelis. Ka yanke ni."

Dorothy ta toshe bakinta da mayafi. Tsoho bai ko dube ta ba, ya lumshe ido ya ɗora daga inda zaren ya tsaya, da baki, yana gunji a maƙogwaro, murya tana rawa. Fidelis ya zare kaset ɗin, ya juya ɗaya fuskar da ta zauna fanko tun wancan zamani, ya danna jan maɓalli. Wannan karon ya ɗauki waƙar har ƙarshe.

Oga Fidelis, kai ne ka ɗauki kiɗan talakawa da muhimmanci lokacin da masu kiɗan ma ba su ɗauki kansu komai ba. Kai ne ka haɗiye kunyarka ka kai aikinka mafi muni inda ake buƙatarsa. Mun gode. Allah ya ba ka hutu cikin lafiya, ya yi wa zuriyarka albarka.

Ku kuma matasa, kowannenku yana yawo da wayar da ta fi rikodar Fidelis kyau nesa ba kusa ba. Akwai tsoho a unguwarku mai garaya, akwai kaka mai waƙar niƙa. Kada ku jira sai wuri ya yi shiru, ba zai yi ba. Ku je ku ɗauka da hayaniyarsa.

Saja yana cin abinci yanzu, yana kuma magana, ko da yake Dorothy ta ce yawancinta faɗa ne da Fidelis. Na tambayi Fidelis yadda sabon ɗaukan ya fita. Ya girgiza kai ya ce shi ma bai yi kyau ba, wai kukan Dorothy ya shiga ciki.