Ranar da ba a buga takensa ba

Ɗana na fari, wanda bakina ba ya kama sunansa, ɗan kokawa ne kafin ya zama ɗan fim. Ya yi kaye a Dungas, ya yi a Magariya, har aka tafi da shi neman takobin gasar kokawa ta ƙasa cikin 'yan jiha. Bai samo ba. Abin da ya kawo mini gwiwa ce kumburarriya kamar ƙwarya. A can wasu masu fim na Kano suka ga ƙirarsa, suka ja shi. Yanzu a telefon nake ganinsa yana dira daga kan dutse, yana tarwatsa 'yan fashi shi kaɗai. Yara su yi ta ihu. Ni ƙafar hagu nake kallo, yadda yake ɗan ɗage ta kafin ya sauka.

Duk zuwansa gida aikina ɗaya ne: ruwan zafi, tsumma da man kaɗe. Na gasa gwiwar nan har hannuna ya san ta fiye da tuƙin tuwo. Zuwansa na bara, bayan an ɗaure gero, na ga yana salla a zaune cikin ɗaki, ya tura ƙofa kada ƙannensa su gani. Da na matsa masa ya ce likita ya gaya masa in gwiwar ta sake gocewa, sai dogara sanda. Ya ce, "Inna, a fim ba komai, katifa ake shimfiɗawa, in na gaji a tsaya." Na ce, "A fili fa?" 

Na tambaya ne don saura kwanaki a yi kokawar kaka a garinmu. Kowane ɗan kokawa yana da takensa, kiɗan da makaɗi ya ware masa shi kaɗai, kuma in aka buga shi a gaban jama'a ba ya zama, ko da zazzaɓi yake. Samarin gari kuwa sun ƙosa su taɓa mai kayar da mutum goma a telefon. Na san roƙonsa ɓata baki ne, na gaji da roƙon tun yana saurayi.

Sai na ɗauki mayafina na tafi gidan makaɗin da ya yi masa taken, tsoho ne sa'an marigayi mijina. Na tarar yana ɗaure fatar ganga da tsirkiya.

"A'a, uwar zaki da kanta! Ko kin zo neman naki taken ne?"

Na ce, "Sarkin kiɗa, ni tuwo ma kayar da ni yake yi."

Muka gaisa, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce roƙo na zo yi: ranar kokawa kada ya buga na yaron nan. Ya ajiye tsirkiyar. Ya ce, "Kin san abin da kike nema? Ɗan kokawa yana zaune a fili, makaɗinsa ya tsallake shi? Gara in zage shi." Na gaya masa maganar likita, da sallar zaune. Ya daɗe yana shafa ganga. Ya ce, "Shi ya aiko ki?" Na ce bai ma san na fito ba. Ya ce, "To, zai ji haushina, ba naki ba. Je ki gida."

Ranar ban je fili ba, dama ban saba zuwa ba. Ina tsakar gida ina tsince wake, kunnena yana can. Na san taken nan kamar kukansa yana jariri. Tun la'asar ake bugawa, na wannan, na wancan, har na yaran da aka haifa a gabansa. Duk sanda ganga ta canja, sai hannuna ya tsaya cikin faifai. Daga baya ƙanwarsa da ta je fili ta ce an ba shi kujera kusa da magajin gari, ana ta ɗaukar hoto da shi. Ta ce ya cire takalmi tun da wuri ya tura ƙarƙashin kujera, da aka tashi ya jawo su ya mayar.

Ya shigo gab da magariba da ƙafarsa biyu, ba mai riƙe da shi. Na yi hamdala a zuci, na ɗora ruwa. Ya zauna bakin tabarma, ya ce, "Inna, tsohon nan ya mance da takena. Sau biyu muna haɗa ido."

Na ce, "Miƙo ƙafar."

Ya miƙo. Ina gasawa yana kallon bango. Can ya ce, "Da ya buga, da na tashi." Na ce na sani. Ya dubo ni, na ci gaba da gasa gwiwar.

Bana bai zo kaka ba, ya ce aiki ya yi yawa. Na gan shi a wani sabon fim yana gudu bisa gada, ƙafar tana ɗaukarsa. Makaɗin kuma in muka haɗu a kasuwa gaisuwa ce kawai, ya daina ce mini uwar zaki. Man kaɗen yana nan cikin gwangwani, na rufe shi da tsumma saboda tururuwa.