Jirgi Mai Fiffiken Zobe

A shagon Mai Fanka an rataye wani hoto cikin firam: bangon tsohuwar mujallar kimiyya ne, ɗauke da zanen jirgin sama mai fiffike zagayayye kamar zobe. Yana ɗan makaranta ya tsince shi, ya sa a ransa wata rana zai ƙera jirage. Da mahaifinsa ya rasu karatu ya tsaya, ya kama gyaran fanka don ya ciyar da ƙannensa.

Matarsa ce ta kai takardar aka sa mata gilashi, don ta gaji da ganin ta a ƙarƙashin katifa. Takan tsokane shi, "Fiffike uku-uku kake gyarawa kullum, me kuma ya rage?"

Shekara talatin ya yi yana aiki a ƙarƙashin hoton. Wata rana wani dattijo, tsohon injiniyan jirage, ya kawo fankarsa gyara, ya tsaya yana kallon zanen.

Mai Fanka ya daure ya tambaye shi, "Ranka ya daɗe, ya taɓa tashi kuwa?"

"Wannan kam a takarda ya tsaya," in ji dattijon. "Amma miƙo fensir." Ya jawo kujera, ya yi ta zana masa yadda iska ke bin fiffike har rana ta yi sanyi.

Da Mai Fanka ya koma gida, ya shiga yi wa matarsa bayani da hannu bibbiyu. Ba ta gane komai ba, amma ta ajiye wankin da take yi, ta ce, "Maigida, sake daga farko."