Ranar da Na Yi wa Surukina Rashin Kunya

A gidanmu na unguwar Malam Inna ba a san ɓoye magana ba. Kakanninmu fatake ne daga ƙasar Kano, kuma mahaifina yakan ce ɗan kasuwa mai kunya da yunwa zai kwana. Sai ga shi Allah ya haɗa ni aure da 'yar Fulani, gidan da uba ba ya kama sunan ɗansa na fari, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ballantana ya yi masa faɗa ido da ido. Surukina, wanda muke kira Baffa, in zai ambaci babban ɗansa sai dai ya ce "wancan". Ni ma da na shiga cikinsu na koyi fulako, wato kunyar Fulani, daidai gwargwado. Tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa in gaishe shi ina kallon ƙasa. Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba.

Lokacin da nake neman digiri na biyu, bincikena a kan dabarun kasuwanci ne: me ya sa wata masana'anta ke bunƙasa wata kuma ta durƙushe, alhali gari ɗaya suke, wuta ɗaya ake ɗauke musu? Na zaɓi masu injin casar shinkafa. Na yi watanni ina bin su a keke napep, ina shaƙar ƙaiƙayi, ina shan baƙar magana daga masu zaton ɗan haraji ne ni. Abin da na gano ba wani abin mamaki ba ne. Waɗanda suka tsaya a kan shinkafar, suka sa injin tsince tsakuwa, suka riƙe manoman da ke kawo musu shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, su ne ke numfashi. Waɗanda kuwa suka ga riba suka watsu, yau ruwan leda, gobe ɗakin biki, su ne injinansu ke tsatsa.

Inji ɗaya na tsallake da gangan, na Baffa da ke unguwar Tumfure. Da shi ya aurar da 'ya'yansa, da shi ake ciyar da gidansa da na ƙannensa da suka rasa shanu. Da ƙarfi ya fara ƙarewa sai ya sakar wa ɗan farinsa, wanda matata ke kira Hamma. Hamma ba ɓarawo ba ne, ba kuma malalaci ba. Mutum ne da in ya ga abu a unguwar masu kuɗi ta GRA ba ya barci sai ya yi irinsa. Ya buɗe gidan ruwan leda, ya kafa harsashin ɗakin biki, duk daga jikin injin. Shinkafarsu kuwa ta koma wadda mata ke tsinewa a kasuwa saboda tsakuwa, manoma suka fara kai kayansu wani wuri.

Matata ta dame ni. "Kai da ka karanta abin, ka gaya wa Baffa mana. Injin nan in ya mutu, ina za su sa kansu?"

Na ce, "In gaya wa wa? Ki bar ni in mutu da mutuncina."

Ana nan sai ga saƙo daga Baffa: ya ji ina zagaya kowa da tambayoyi, ko nasa injin ba inji ba ne? In zo bayan la'asar. Hanyar Tumfure da nisa, amma ranar sai na ga keken ya yi sauri da yawa.

Na tarar da shi a rumfar gaban injin tare da ƙannensa biyu. Abin da ya ba ni mamaki, Hamma na tsaye daga gefe ya jingina da buhuna, shi da ba ya tsayawa inda ubansa yake. Na ajiye takalmana a bakin rumfa, na durƙusa na fara tambayoyina, muryata kamar ta amarya. Baffa ya amsa kaɗan, sai ya katse ni.

"Malam, ka zaga gari. Inji irin nawa, me ke kashe shi?"

Na ce, "Rashin wuta, Baffa."

"Wannan ko akuyar can ta sani. Maƙwabcina ba wutar nan ake ɗauke masa ba? Ga motoci a ƙofarsa."

Na ce tsadar man inji. Ya ce shi ma maƙwabcin ba da ruwan rijiya yake tayar da nasa ba. Gumi ya jiƙa mini hula. Ya sake maimaita tambayar, a hankali, ya ƙara da cewa, "Ko karatun naka bai kai nan ba?"

Nan fa jinin gidanmu ya motsa. Ni da na sha rana da ƙaiƙayi, a ce karatuna bai kai ba? Ban san lokacin da na ɗaga kai na dube shi ba, karo na farko tun da na auri 'yarsa. Na ce taura biyu ba ta taunuwa. Na ce injin na ciyar da ruwan leda da ginin da ba a gama ba, shi kuma an bar shi da yunwa. Da na tsaya nan da sauƙi. Amma bakina ya riga ya ɓalle, na ce matuƙar Hamma ne ke yanke shawara shi kaɗai, injin nan ba zai ga kaka biyu ba.

Na saci kallon Hamma, fuskarsa ta yi kamar an watsa masa ruwan zafi, a gaban baffanninsa, a gaban leburori.

Baffa ya ce, "Ashe haka boko ke cire wa mutum kunya? A gabana, a kan tabarmata? Tashi ka ba ni wuri."

Na tashi. Da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Sai da na kai bakin titi, ƙaiƙayi na sukata a tafin ƙafa, na lura na baro takalmana. Komawa kuwa ko da wuƙa a wuya. Haka na hau keke ba takalmi, ina cusa ƙafafuna ƙarƙashin kujera, wata tsohuwa na ta leƙena har cikin gari.

Na daina zuwa Tumfure. Aka yi suna a gidan na ce zazzaɓi nake yi. In na hango wani daga danginsu a masallacin Juma'a sai in canja sahu. Na rubuta bincikena na miƙa, aka yaba, ban ji daɗin komai ba. Labari dai yana zuwa ta bakin matata: baffannin sun zauna da Hamma, tunda magana ta riga ta fito fili. An sayar da gidan ruwan, an dakatar da gini, an sayo injin tsince tsakuwa. Ƙanen Hamma ya karɓi hulɗa da manoma.

Bayan kaka sai ga ƙanen nan da buhun shinkafa a mota. A kan buhun akwai leda, a ciki takalmana ne, an wanke su an goge.

Ya ce, "Baffa ya ce a kawo wa marar kunyar nan, kuma ya ce yaushe rabonka da gaishe shi?"

Matata ta zauna a kan buhun tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Kai har yanzu ba ka gane ba? Tun yaushe yake neman bakin aro. Shi ba zai iya faɗa wa Hamma ba, baffanni ba za su riga shi ba. Ya duba duk dangi, kai kaɗai ne Bakano."

Na je na durƙusa gaban Baffa, ya tambayi yara, ya sa mini albarka. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Da zan fita na ci karo da Hamma yana duba buhuna. Na yi masa sallama, ya amsa yana kallon wani wuri, kuma haka yake amsa mini har gobe. Shinkafar Tumfure muke ci a gidana, ba tsakuwa ko ɗaya, amma in na tuna fuskar Hamma a rumfar nan sai in tsame hannuna daga kwanon.